A-kori-kura Ba Tirela Ba Ce

'Yan'uwa ɗalibai, da zarar kaka ta yi mukan ga tsofaffin motocin a-kori-kura masu shan gas sun fito daga ƙauyukan Roni da Gwiwa da Babura, an lafta musu buhunan gero da riɗi. Wasu har a ɗaura musu amalanken ƙarfe a baya, shi ma maƙil da kaya. Mu dai ba mu goyi bayan wannan ba.

Direbobi sukan ce injin gas akwai ƙarfin ja. Gaskiya ne, amma ja daban, tsayawa daban. Manyan tirelolin da ke bin hanyar Kano zuwa Daura, bodinsu yana zaune ne a kan farantin ƙarfe bisa tayoyin bayan kan motar, kuma yana da birkinsa na iska. Amalanken da mai walda ya haɗa ba shi da birki ko ɗaya. In an zo gangara, shi ne zai riƙa tura motar, birkinta ya yi zafi ya ƙi kamawa. A hawa kuwa, sai yaron mota ya diro yana neman dutsen da zai sa wa taya.

Mun san gas ya yi tsada, sawu biyu asara ne ga direba. To amma mu ne ke tafiya a bakin titin nan safe da rana, wasunmu riƙe da ƙannensu 'yan firamare.

Muna roƙon jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra da shugabannin tashar Kazaure su riƙa duba birki da maɗaurin amalanke kafin mota ta tashi, musamman ranar kasuwa.