"Daga ina bayanin ya fito?" Gardamar da ta hana mu barci

Jiya da dare a ɗakinmu na kwana a Kafanchan, gardama ta kusa raba abokai biyu da suka taso unguwa ɗaya a Kwoi. Ɗaya ya ce DNA rubutu ne, rubutu kuma ba ya rubuta kansa, saboda haka ka'idar Darwin ƙarya ce. Ɗayan ya ce masa, "Kai dai ba ka karanta bayoloji ba." Daga nan sai kiran juna jahili da marar imani.

Ni a ganina, dukansu biyu suna jifan juna da kalmar "bayani" ba tare da sun yarda a kan ma'anarta ba.

Claude Shannon, wanda ya kafa ilimin auna bayani a 1948 a Amurka, bai auna ma'ana ba. Abin da ya auna shi ne yawan ba-zata a cikin saƙo. In wani ya ce maka an yi ruwa a Kwoi cikin Agusta, bai faɗa maka komai ba. In ya ce an yi ruwa a Janairu, tsakiyar hunturu, to wannan labari ne. A ma'aunin Shannon, haruffan da aka watsa barkatai ma sun fi jimla mai ma'ana yawan "bit".

To, ko sauyin harafi a DNA na iya kawo sabon abu? A 1988 Richard Lenski ya fara kiwon bakteriyar E. coli. Bayan zuriya kusan 31,000, wani rukuni ya fara cin sinadarin sitret a gaban iskar oksijin, abin da kakanninsa ba su iya ba. Dalili: wani yankin DNA ya kwafi kansa, kwafin ya faɗa wurin da ya kunna shi.

Ba sai mun je Amurka ba ma. Sikila harafi ɗaya ne ya sauya a ƙwayar halittar jini. Mai SS yana shan wahala, mai AS kuma yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Asara ce ko riba? Ya danganta da inda kake zaune.

Amma ɗan'uwa mai bayoloji, kai ma sassauta. Gwajin Lenski bai bayyana yadda rai ya fara ba, kuma lissafin Shannon bai ce komai game da Mahalicci ba. Ni ina zuwa coci, ina kuma karanta Darwin don jarrabawa da fahimta. Ban ga dalilin jingina imanina a kan hujjar da gwaji ɗaya zai iya karyawa ba.

Kafin gardama ta gaba, kowa ya fara faɗin me yake nufi da "bayani". Kuma don Allah, a je a yi gwajin jini kafin maganar aure. Ku fa, me kuka gani?