Gudun da ke tona asirin wata cuta

Tun 1981 ake tseren gudu a birnin Landan na Ingila: kilomita 42, tafiyar yini guda ga mai ƙafa. Cikin masu gudun har da waɗanda aka gano ma ƙari a wata ƴar halitta mai girman ƙwayar wake, ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, bayan hanci. Suna gudu, jama'a na zuba kuɗi don taimakon marasa lafiya irinsu.

Wasu na cewa ganganci ne. In babu izinin likita, da gaskiyarsu. Amma a ganina, sanar da duniya wannan ɓoyayyar cuta ya fi kuɗin amfani.

Ƙarin nan galibi ba daji ba ne. Sai dai yakan tsayar da al'adar mace, nono ya riƙa zuba ba ta da goyo, haifuwa ta ƙi. Ga ciwon kai, ga ganin gefe na raguwa. A ƙauyukanmu sai a ce sammu ne, wata har a sake ta. Alhali gwajin jini na iya nuna alamarsa, kuma sau da yawa ƙwayoyin magani ke sa ya ƙanƙance, mace ta samu ciki. Maigida, in ka ga haka, kai ta asibiti.