Makin ɗalibi awo ne, a riƙa yin shi a fili

Duk wanda ya taɓa kai gero ko wake kasuwar Madawa, ko ta Buza, ko ta Tamaske, ya san wata ƙa'ida wadda ba a rubuta ta ba amma kowa na bin ta, wato ba a yin awo a ɓoye. Mai saye ya ga tiya, mai sayarwa ya ga tiya, in gardama ta tashi a juye a sake. To ƴan uwa ƴan kasuwa, maza da mata, akwai wani awo da ake yi ma abin da ya fi gero da wake daraja a wurinmu, shi ne awon ƴaƴanmu da ke karatu a jami'a, kuma galibinmu ba mu taɓa ganin tiyar da ake yin shi da ita ba. Yaro ya bugo waya ya ce ya ci, mu yi hamdala. Ya ce ya faɗi, mu ce ƙaddara ce, ko mu ce malam ne ba ya son shi. Alhali kuɗin rajista, da na haya, da na mota, da na fotokofi, duk daga ribar albasa da tabarma da ƙuli-ƙuli suka fito, tunda kuɗin tallafin karatu na gwamnati ba kowane ɗalibi ke samu ba, mai samun ma wani lokaci sai ya yi ta jira.

A da wannan magana ta yi mana nisa, don jami'ar gwamnati guda ce a ƙasar nan, ta Abdu Mumuni da ke Yamai. A shekarar 2008 aka buɗe makarantun fasaha na IUT a Tawa da Maraɗi da Damagaram, a 2010 suka zama jami'o'i, a 2014 aka ƙara wasu huɗu a Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Jami'ar Tawa yau tana ɗauke da sunan Farfesa Jibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar. Ke nan karatun jami'a ya iso ƙofar gidanmu, kuma yaran Keita, da Ibohaman, da Karofan, da Bangi, da Sabon Gida sun cika azuzuwan. Ya kamata mu san yadda ake yanke masu hukunci.

Ga yadda abin yake. Tun shekarar 2007 ƙasashen UEMOA suka amince da tsarin da ake kira LMD: lisansi shekara 3, masta shekara 2, dokta shekara 3. Kowace shekara an raba ta zango biyu, kowane zango yana da kiredi 30. Kada kalmar ta ruɗe ku, kiredin jami'a ba irin na kanti ba ne. Hatimi ne da ke nuna yaro ya gama da darasi kaza, kuma sai ya tara 180 ake ba shi lisansi. Ana ba da maki bisa 20 kamar yadda muka saba tun daga lakwal, mai 10 ya haye. Amma makin darasi guda yakan fito daga wuri biyu: ƙananan gwaje-gwajen da ake yi cikin zango, da babbar jarrabawar ƙarshe. Darussa kuma an ɗaure su dami-dami, ta yadda in yaro ya samu 8 a wani, ya samu 13 a ɗan uwansa mai nauyi ɗaya da shi, na sama yakan ɗago na ƙasa. Wanda bai kai ba yana da zagaye na biyu, wanda ɗalibai ke ce ma ratarafaj, kuma akwai halin da yaro ke wucewa aji na gaba da bashin darasi a wuyansa, ya biya daga baya. A ƙarshe malamai su zauna su duba makin kowa su yanke hukunci tare, shi ne zaman juri.

A takarda tsari ne mai kyau, domin an yi shi ne don kada mutum guda ya riƙe makomar yaro a hannunsa. Sai dai mu ɗauki misali. Yarinya ta samu 12 a gwajin cikin zango, ta samu 8 a jarrabawar ƙarshe. In an ce kowanne rabi ne, tana da 10, ta ci. In kuwa an ce na farko kashi 40 ne cikin 100, na ƙarshe kashi 60, tana da 9,6, ta faɗi. Yarinya guda, takardu guda, amma girman tiya ya raba ci da faɗuwa. Babu laifi a zaɓi ko wanne daga cikin biyun. Laifin shi ne a bar yaro cikin duhu sai ranar da aka liƙa sakamako, ko a canza lissafin bayan an riga an yi jarrabawa. Wane ɗan kasuwa ne zai yarda a yi ciniki da tiya kaza, a zo awo a fiddo wata?

A shirye-shiryen da muke gabatarwa a rediyo, koke-koken iyaye da ɗalibai ba su cika wuce uku ba. Na farko, yaro ya ga maki amma bai ga takardarsa ba, bai san inda ya kuskure ba, balle ya gyara. Na biyu, sakamako ya daɗe bai fito ba, har a shiga sabon zango yaro bai san ko ya ci na baya ba, uwa kuma tana ta biyan haya. Na uku shi ne wanda ake faɗa da ƙaramar murya: tsoron yin ƙorafi, kada malam ya riƙe ka a zuciya. Ga ƴaƴa mata tsoron ya fi haka nauyi. A shekarar 2019 BBC ta nuna wani bincike da aka ɗauka a ɓoye a jami'ar Legas da jami'ar Gana, inda aka ga malamai na neman ƴan mata da lalata. Ba mu ce haka malamanmu suke ba, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma duk inda maki ke ɓoye a aljihun mutum guda, bango ya tsage.

Adalci kuma shi ne mu faɗi na malamai. Malami guda na iya samun takardu ɗaruruwa a gabansa, ga koyarwa, ga bincike, wani ma daga wata jami'ar yake zuwa ya yi kwanaki ya koma. Yajin aiki, na malamai ne ko na ɗalibai, kan sa shekara ta hau kan shekara. Mafi yawansu mutanen kirki ne masu tsoron Allah, kuma in malami ya kayar da yaron da bai yi karatu ba, mu ya yi ma aiki. A jami'ar Tawa ana koyar da shari'a, da tattalin arziki, da aikin gona, da aikin koyarwa. Yaran nan su ne gobe za su zama alƙalan da za mu tsaya gabansu, da masu lissafin kuɗin haraji, da malaman gona da za su gaya mana maganin da za mu zuba ma albasa, da mushen da zai koyar da jikokinmu. In an ba jahili takarda saboda an ji tausayinsa, mu za mu biya a kotu, mu biya a garka.

Shi ya sa mu ma iyaye sai mun duba kanmu, don in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Akwai alhajin da in ɗansa ya faɗi sai ya ɗauki rago ko ambulan ya shiga neman wanda ya san malam. Wanda ya yi haka ya tauye awon ɗiyar mai ƙosai da ta kwana tana karatu, kuma ya koya ma ɗansa cewa komi na sayarwa ne. Akwai kuma yaron da ke Madawa yana yawo ranar da ake gwajin cikin zango, in sifiri ya fito ya ce malam ne mugu.

Abin da muke nema ga shugabannin jami'o'i da ma'aikatar ilimi mai zurfi ba ya cin kuɗi da yawa. Tun makon farko kowane malami ya rubuta yadda zai raba maki a liƙa a allo, kada a taɓa shi sai zango ya ƙare. A rufe sunan ɗalibi a kan takardar jarrabawa kamar yadda ake yi a bak, mai gyara ya ga lamba kawai. A sa ranar fitar da sakamako a kuma cika ta. A ware rana guda da kowane ɗalibi zai ga takardarsa, in yana da ƙorafi wani malami na daban ya sake dubawa, kuma a tanadi wurin da yarinya za ta kai kuka ba tare da sunanta ya bazu ba. Wasu sassan suna yin wasu daga cikin waɗannan, abin da ya rage shi ne su zama dole a ko'ina. Sannan tunda kundin sake gina ƙasa na shekarar 2025 ya ɗauki Hausa harshen ƙasa, a fassara dokar jarrabawar jami'a a karanta ta a gidajen rediyo, uwar da ke biyan kuɗin ta ji da kunnenta.

Ku kuma iyaye, in yaro ya zo hutu kada tambayar ta tsaya ga "ka ci ko ka faɗi?" Ku ce ya kawo takardar makinsa, ku sa wanda ya iya ya karanta maku. Kiredi nawa ya tara cikin 60 na bana? Akwai bashin darasi a kansa? Ya shiga ratarafaj? Ya ga takardarsa? Yaron da ya san za a yi mashi waɗannan tambayoyi a gida zai zauna ya yi karatu, malamin da ya san iyaye sun san lissafin kuma zai ƙara kula da alƙalaminsa.

Allah ya ba ƴaƴanmu ilimi mai amfani, ya saka ma malaman kirki da alheri, ya sa albarka a kasuwancinmu. Amin.