Ɓarnar Da Kuka Ƙi Amsawa

A watan Nuwamban 1945, wata uku bayan an ƙone Hiroshima da Nagasaki, Janar Leslie Groves ya zauna gaban wani kwamiti na Majalisar Dattawan Amurka. Shi ne hafsan da ya jagoranci aikin ƙera bam ɗin nukiliya tun daga 1942. Da zance ya zo kan mutanen da tururin bam ɗin ke kashewa makonni bayan fashewarsa, sai ya ce likitoci sun shaida masa wai mutuwa ce mai daɗi. Ƙarya ce tsagwaronta. Kafin ya buɗe baki ya faɗi haka, dubban mutanen da suka fita daga wutar ba ko ƙwarzane sun riga sun kwanta dama. Mutum zai tashi da safe ya ga gashinsa a kan matashi, dasashinsa na zubar da jini, wasu tabbuna masu duhu sun feso masa a fata, daga nan zazzaɓi da gudawa su kama shi har rai ya yi halinsa. Zuwa ƙarshen shekarar, kimanin mutum 140,000 sun mutu a Hiroshima, kimanin 74,000 a Nagasaki. Cikinsu akwai dubban 'yan makaranta da aka fitar da sassafe rushe gidaje don hana gobara bazuwa, da 'yan Koriya da aka kawo aikin tilas.

Da ku nake, mahukuntan Washinton da Faris, da duk mai riƙe da makamin ƙare-dangi. Masana tarihi har gobe suna jayayya kan ko bam ɗin ne ya kawo ƙarshen yaƙin, kuma babu mai wanke sojojin Japan daga ta'asar da suka yi a Nanjin da Manila. Wannan muhawara na bar musu. Abin da nake tsawatar muku a kai shi ne halin da kuka ɗauka tun ranar farko kuka kasa yasarwa: ku yi ɓarna, ku rufe ta, in an tono ku musanta, in musu ya gagara ku ja wanda aka cuta a ƙasa har ya mutu bai ga haƙƙinsa ba.

Tun kafin Hiroshima aka fara. Ranar 16 ga Yulin 1945 aka gwada bam na farko a hamadar New Mexico. Akwai makiyaya da manoma a kewayen wurin, ba wanda aka gargaɗa, ba wanda aka kwashe. Toka ta zuba a kan rufin gidajensu, alhali ruwan saman da ke gangarowa daga rufin nan shi suke tarawa su sha. Sojoji suka fitar da sanarwa cewa wani rumbun harsasai ne ya fashe. A 1990 Amurka ta yi dokar biyan diyya ga waɗanda gwaje-gwajenta suka cutar, ta bar mutanen New Mexico a waje, sai a 2025 aka shigar da su, shekara 80 bayan tokar ta zuba musu. Nawa ne suka rage a raye cikin waɗanda suka ga hasken safiyar nan?

A Japan kuwa abin ya fi haka muni. Ɗan jarida Wilfred Burchett ya shiga Hiroshima a farkon Satumban 1945, ya rubuta cewa wata annoba da ba a san irinta ba tana kashe mutane. Jami'an sojan Amurka suka ƙaryata shi, suka ce farfagandar Japan ya haɗiye. A cikin watan ne hukumar mamaya ta kafa dokar tace labarai, daga baya aka ƙwace fina-finan da aka ɗauka na waɗanda suka ƙone aka kulle su shekaru. Sai kuma aka kafa wata hukumar bincike, aka gina mata cibiya a kan tsaunin Hijiyama na Hiroshima. Mota takan je ta ɗauko yara daga makaranta, a tuɓe su, a ɗauki hoton tabon ƙuna, a ɗebi jini, a rubuta a takarda, a mayar da su. Ƙa'idar hukumar ita ce bincike, ban da magani. Yaron da bam ɗinku ya ƙona, ku auna shi ku sallame shi ba ko man shafawa! Wannan kaɗai ya isa abin kunya ga kowace al'umma.

Kuma kada a manta inda aka haƙo guba tun farko. Mafi yawan yuraniyom ɗin da aka fara aikin da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ya fito, a Katanga ta ƙasar Kwango, lokacin tana ƙarƙashin Beljiyam. Dutsen wurin ya fi na ko'ina yawan yuraniyom a duniya, kuma leburori 'yan Kwango ne suka haƙo shi suka tsince shi ba tare da kariyar kirki ba. An rufe sunan wurin da sirri, su kuma aka rufe su da shiru. Ana yin fim a kan Oppenheimer, masanin kimiyyar da ya jagoranci masu ƙera bam ɗin, ana rubuta littattafai a kan damuwar da ta dame shi, amma da wuya ka ji an ambaci wanda ya shaƙi ƙurar.

Bayan yaƙi ba a daina ba. Amurka ta yi gwaji 67 a tsibiran Marshall tsakanin 1946 da 1958. Ranar 1 ga Maris 1954 ta tayar da wanda ake kira Bravo, wanda ya ninka na Hiroshima kusan sau 1,000. Iska ta kwashi farar toka ta kai tsibirin Rongelap, ta zuba a kan kwakwa da rijiyoyi da kawunan mutane. Yara suka yi ta wasa da ita, don ba wanda ya gaya musu mece ce. Sai bayan kwana biyu aka zo kwashe su, lokacin amai da ƙunar fata sun fara. Da yawa daga cikin yaran nan daga baya aka yi musu tiyata a maƙogwaro. Kotun da aka kafa don sauraren ƙorafinsu ta yanke diyyar da ta haura dala biliyan 2, asusun da Amurka ta ware kuwa dala miliyan 150 ne, don haka mafi yawan kuɗin har yau a takarda suke. Tarayyar Sobiyet ta yi gwaji sama da 450 a Semipalatinsk ta Kazakistan kusa da ƙauyuka, Birtaniya ta yi nata a Maralinga, ƙasar 'yan asalin Ostireliya. Kowannenku ya nemi inda masu ƙaramin ƙarfi suke ya je ya gwada. In da gaske babu illa kamar yadda kuka riƙa faɗa, me ya hana ku gwada a bayan gidanku?

Faransa, ke kuma a Saharar nan tamu kika yi. Ranar 13 ga Fabrairun 1960 kika tayar da bam ɗinki na farko kusa da Reggane a kudancin Aljeriya, mai ƙarfin na Hiroshima kusan sau huɗu, kika ce ai hamada ce ba kowa. Akwai mutane a dausayoyin Tuwat, akwai Buzaye da raƙumansu. Kwame Nkrumah ya riƙe kadarorinki a Gana saboda wannan gwaji, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ta kori jakadanki daga Legas a Janairun 1961 bayan gwaji na uku. Sun san iskar hunturu daga can take busowa. Ba ki fasa ba sai da kika cika 17 a Aljeriya zuwa 1966. Ranar 1 ga Mayun 1962, a In Ekker, dutsen da aka binne bam a cikinsa ya kasa riƙe shi, hayaƙi ya tuɗo ya lulluɓe masu kallo, har da ministocinki biyu, Pierre Messmer da Gaston Palewski. Su an garzaya da su aka wanke su. Makiyayin da ke bayan dutsen fa, wa ya neme shi?

Da za ki tafi, sai kika haƙa ramuka kika binne motoci da jirage da ƙarafa masu guba a cikin rairayi. Talakawa suka riƙa tono waya da ƙarfe suna kaiwa kasuwa, suna yin shinge da rufin ɗaki da su, ba su san abin da suka ɗauko ba. Dokar diyyar da kika yi a 2010 tana neman takardun shaidar zama da na asibiti daga hannun mutanen da rayuwarsu yawo ce, shi ya sa 'yan Aljeriyar da suka amfana da ita ba su taka kara sun karya ba.

Amurka da Faransa, kun shiga yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya ta 1968 kuka yi alkawarin tattaunawa da zuciya ɗaya don kawar da waɗannan makamai. Yau ƙasashe tara na riƙe da kimanin 12,000. Da ƙasashen da ba su da makamin suka gaji da jira, suka yi tasu yarjejeniyar haramci a 2017, wadda ta tanadi a kula da waɗanda aka cutar a kuma tsabtace ƙasar da aka gurɓata. Najeriya ta amince da ita ranar 6 ga Agustan 2020. Ko ɗayanku bai sa hannu ba, zaman tattaunawar ma kun ƙaurace masa. Barack Obama ya je Hiroshima a 2016, ya ajiye furanni, ya rungumi wani tsoho, amma fadarsa ta riga ta sanar cewa ba haƙuri ya je bayarwa ba.

Waɗanda suka tsira daga bam ɗin Japan yanzu ba su kai 100,000 ba, yawancinsu sun haura shekara 80. Amurka, ki biya mutanen Marshall abin da kotu ta yanke musu. Faransa, ki miƙa wa Aljeriya cikakken taswirar ramukan da kika binne sharar nan, ki je ki kwashe ta da kuɗinki, domin har yanzu ana kiwo a wurin.