Filin Mata: A Duba Batir Kafin Inji

Da yawanmu a Kawo da Unguwar Shanu mazanmu ko 'ya'yanmu kafintoci ne, da injin huda katako da zarto masu caji suke ciyad da gida. Ran da kayan nan suka mutu, sau da yawa kuɗin adashinki ne zai sayo sababbi. Ashe kuwa kina da ta cewa.

To, kafin maigida ya tafi Kasuwar Sheikh Gumi, ki tuna masa batir shi ne uwar tsada. Batirin Makita ba ya shiga injin Bosch. Saboda haka ya tsaya ga kamfani ɗaya, batir biyu su ishi kayan duka: ɗaya na aiki, ɗaya na caji in an kawo wuta. Kada mai kanti ya ruɗe shi da volt 20, shi da 18 duk ɗaya ne. Lambar Ah zai duba, gama mai 4 ya ninka mai 2 jimiri.

Ke kuma uwargida, kada ki bari a ajiye batir cikin rana ko kusa da murhu, zafi ke kashe shi. Araha dai ba ta ado.

Sai mako mai zuwa.