Ruwan Ne Ba Shi da Lafiya, Ba Kifin Ba

Da zarar kifin ado ya hau saman ruwa yana buɗe baki kamar mai haki, sai mai shi ya garzaya shagon da ya saye shi. A can za a miƙo masa kwalbar magani, a karɓi kuɗinsa, ba wanda zai tambaye shi yaushe ya haɗa tankin, ko kifi nawa ya zuba a ciki. Wannan ciniki ne na rashin amana, domin amsar tambayoyin nan biyu ita ce ke bayyana yawancin mace-macen kifi a sabon tanki.

Kifi yana fitar da amoniya cikin ruwan da yake numfashi a ciki, ragowar abinci kuma idan ya ruɓe ya ƙara ta. Amoniya guba ce. A tankin da ya daɗe, wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a soson matata suna mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait ɗin naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce, ana rage shi ta hanyar canza kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako. Amma bakteriyar nan tana bukatar mako 4 zuwa 6 kafin ta kafu. Mai shagon da ya sayar da tanki da kifi ashirin rana ɗaya ya san haka, ko kuwa ya kamata ya sani. Naitirait yana hana jini ɗaukar oksijin, shi ya sa kifin ke haki a ruwan da ido ke ganinsa garau. Wasu magungunan ma suna kashe bakteriyar matatar, haka kulorin na ruwan famfo idan aka wanke soson da shi. An je neman kiba, an samo rama.

Sai batun haɗa kifaye, wanda ake yi da ido kawai, kamar zaɓen labulen ɗaki. Kifin zinariya ya fi son ruwa mai ɗan sanyi, ga yawan kashi, amma a jefa shi cikin kifayen ƙasashen zafi. Mazan Betta, 'yan asalin Tailan, ba sa zama wuri ɗaya sai sun yi wa juna rauni. Oscar da ake saya ɗan mitsitsi yana kaiwa santimita 30, kuma duk kifin da ya shiga bakinsa abinci ne. Jelar da aka gani a yage sau da yawa cizon maƙwabci ne, kwalbar magani ba ta raba faɗa.

Masu sayarwa kan ce mutane ba su da haƙurin jiran mako shida. Wataƙila. Sai dai ba a ba su zaɓin ba. A Kano, cikin zafin Afrilu, ruwan ɗumi yana riƙe oksijin kaɗan, idan kuma aka ɗauke wuta na sa'o'i matata ta tsaya, bakteriyar ta fara mutuwa. Wanda zai sayi tanki a irin wannan gari ya fi bukatar kayan gwajin ruwa da ɗan injin iska mai batir, su ne kuwa ake barinsa ya fita shagon ba tare da an ambata masa ba.