Zafin fitsari: kada mu mai da matanmu wurin gwajin kafson kasuwa

Akwai wani ciwo da ke cin matanmu a rugage, amma kunya ta hana a yi zancensa, wato zafin fitsari da ciwon mara, wanda wasu ke kira ciwon sanyi. Mace za ta yi kwanaki tana cije baki. In abin ya ci tura, sai maigida ya tsaya wajen mai tallar magani ran kasuwa ya sayo kafso biyu ko uku. Wani ma maganin shanun da ke cikin jakarsa zai ɗiba ya ba ta. A ganina wannan ganganci ne, kuma lokaci ya yi da za mu bar shi.

Likitoci sun bayyana cewa yawancin wannan ciwo wata ƙwayar cuta ce ta cikin hanji, mai suna E. coli, ke shiga mafitsara ta haddasa shi. Ya fi kama mata saboda hanyar fitsarinsu gajera ce. In ba a kashe ƙwayar ba, tana iya hawa har ƙoda, sai zazzaɓi da ciwon kwiɓi da amai su biyo baya. Ga mai ciki kuwa, tana iya jawo haihuwa kafin lokaci.

Magani yana nan, amma kowane da ƙa'idarsa. Akwai nitrofurantoin da ake sha kwana 5, akwai fosfomycin da ake sha sau ɗaya tak. Likita ne ya san wanda ya dace, bayan ya tambayi mara lafiya ya duba fitsari. Kafso biyu na iya kwantar da zafi, amma ƙwayoyin da suka tsira sai su taurare, gobe maganin ya daina cin su. Mu makiyaya mun san haka a garke: allurar da ke tada saniya a da, yau sai a yi ta a banza. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a 2019 kaɗai, mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cuta da suka daina jin magani, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne abin ya fi yi wa ɓarna.

Ga wani haɗarin kuma. Tetracycline, ɗan'uwan wanda muke yi wa shanu allura da shi, ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai shekara 8 ba, domin yana ɓata haƙoran yaro. Sannan ba kowane ciwon fitsari ne kafso ke warkarwa ba. Yaron da ke shiga tabki wajen shayar da dabbobi, in ya fara fitsarin jini, sau da yawa tsargiya ce. Maganinta daban ne, sunansa praziquantel.

To, laifin ba na makiyayi kaɗai ba ne. Wanda ke tafiyar yini guda kafin ya ga gidan likita, dole mai talla ya zame masa likita. A 2006 gwamnatin Nijar ta mai da awon ciki kyauta, a 2010 kuma doka ta amince cewa yawon kiwo haƙƙinmu ne. Amma ina amfanin haƙƙin in lafiya ba ta bin mu? A ƙasar Chadi, tun shekarar 2000 aka gwada haɗa rigakafin dabbobi da na mata da yara a fita guda, kuma makiyaya sun karɓa. Muna kira ga hukuma ta yi haka nan: motar da ke zuwa rigakafin shanu, ko taron Ingal, ta zo da ungozoma da kayan awon fitsari. Mace ta fi sakin baki a gaban mace ƴar'uwarta.

Namu aikin kuwa a fili yake. Maigida ya tambayi iyalinsa, kada ya jira sai ta kwanta. A yawaita shan ruwa mai tsabta, a daina riƙe fitsari a kan hanya. In likita ya ba da magani, a sha shi yadda ya ce, kada a raba da maƙwabciya. Maganin dabba kuma a bar wa dabba.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya, mu da dukiyarmu, amin.